Tsara Lokacin Jirgin Sama Kafin Tashin Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Jirgin ruwan shaƙatawa katafaren jirgi ne da ke ɗaukar dubban fasinjoji yana yawo da su daga gaɓa zuwa gaɓa na tsawon kwanaki ko makonni, ci da sha da makwanci duk a cikinsa. Tashoshin da irin waɗannan jirage ke fara tafiya daga cikinsu ba su da yawa. Akwai Miami da Fort Lauderdale da Port Canaveral a jihar Florida ta Amurka, da Barcelona a Sifaniya, da Civitavecchia kusa da birnin Rum, da Southampton a Ingila, da Seattle da Vancouver ga masu zuwa Alaska, sai Dubai da Jidda a ƙasashen Larabawa. Ƙungiyar kamfanonin harkar, CLIA, ta ƙidaya fasinjoji miliyan 31.7 a shekarar 2023, kuma da yawansu ba a bakin waɗannan tashoshi suke zaune ba. Sai sun hau jirgin sama kafin su iske jirgin ruwan. A nan matsalar take: tafiya ɗaya ce a wurin fasinja, amma kamfanoni biyu ne, tikiti biyu, kowanne da sharuɗɗansa, kuma babu wanda ya ɗauki alhakin jadawalin ɗan'uwansa.

Ranar tashi rana ce ta hada-hada a tasha. Jirgin yakan iso da asuba ɗauke da fasinjojin makon da ya wuce, a sauke su zuwa wajen ƙarfe 10 na safe, a share ɗakuna, a loda abinci da ruwa da mai, sannan a fara shigar da sababbi tun kafin azahar. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miami a watan Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinjoji har 7,600, kuma duk cikin wuni guda ake wannan sauke-da-lodi. Yawancin jirage suna barin tasha tsakanin ƙarfe 4 da 5 na yamma.

Sai dai lokacin tashin da ke rubuce a tikiti ba shi ya kamata fasinja ya riƙe ba. Ana rufe ƙofar shiga minti 60 zuwa 90 kafin nan, wasu kamfanonin ma awa biyu. A Amurka doka ce ta wajabta wa kamfani ya miƙa wa hukumar kwastan da tsaron iyaka cikakken jerin sunayen waɗanda ke cikin jirgi aƙalla minti 60 kafin ya motsa. Akwai kuma atisayen ceton rai. Bayan haɗarin jirgin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, an gyara yarjejeniyar SOLAS ta kiyaye rayuka a teku, aka ce dole a nuna wa sababbin fasinjoji wurin taruwa da yadda ake sa rigar ceto kafin tashi ko da zarar an tashi. Gyaran ya fara aiki a farkon 2015. Saboda haka wanda ya iso tasha ƙarfe 4 don jirgin ƙarfe 5 yana iya ganin jirgin tsaye a gabansa, igiyoyinsa a ɗaure, a ce masa an rufe.

Wanda ya saba da motar haya da ke tsayawa a tasha har sai ta cika zai yi zaton kyaftin zai ɗan jira mutum biyu ko uku. Ba kasafai ba. An riga an ba jirgin lokacin da zai bi mashigin tasha, an tanadi matuƙin tasha da zai fitar da shi, a wasu wuraren kuma cikar teku da janyewarsa ne ke yanke lokacin wucewa. In ya makara da awa guda sai ya ƙara gudu cikin dare don ya isa zango na gaba da safe, kuma ƙarin gudu a teku yana shan mai fiye da kima. Akan jira idan jirgin sama ɗaya mai ɗauke da fasinjoji da yawa ya yi jinkiri, musamman in kamfanin jirgin ruwan ne ya yanka musu tikitin. Wannan kuwa alfarma ce da kyaftin ke yi in ya ga hali, babu wata takarda da ta tilasta masa.

Misali zai nuna yadda tazara mai faɗi a takarda ke ƙanƙancewa. A ɗauka jirgin sama zai sauka a filin Fiumicino na Rum da ƙarfe 10:30 na safe, jirgin ruwa kuma zai bar Civitavecchia ƙarfe 5, a rufe ƙofa 3:30. A ido awa biyar ce. Kafin jirgi ya tsaya a buɗe ƙofa fasinja ya fito, minti 20 sun wuce. Layin jami'an shige da fice na waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba yana iya cin awa guda da safe, lokacin da jiragen nesa ke sauka a jere. Jiran akwati rabin awa. Neman mota da tafiyar kimanin kilomita 60 zuwa tasha, awa guda da 'yan kai. Fasinjan zai tsaya gaban teburin rajista wajen 1:30 idan komai ya tafi daidai. Abin da ya rage masa na gaske awa biyu ne, kuma jinkirin awa biyu ba abin da ake ba da labarinsa ba ne a harkar jiragen sama. Tazarar filin jirgi da tasha ma ta bambanta sosai. A Fort Lauderdale tafiyar 'yan mintoci ce. Daga Orlando zuwa Port Canaveral kimanin kilomita 70 ne, daga filin Heathrow na Landan zuwa Southampton kimanin 100, daga babban filin Houston zuwa Galveston kimanin 110, daga Anchorage zuwa Seward kuwa kusan 200. Venice ta fi ruɗa mutane: tun watan Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage bi ta tsakiyar birnin, har wasu tafiye-tafiyen da ake tallatawa da sunan Venice suka koma tashi daga Ravenna ko Trieste, tafiyar awa biyu ko fiye a mota.

Jinkiri a sama abu ne na yau da kullum. A ƙididdigar hukumomin sufuri na Amurka, inda ake ɗaukar jirgi ya makara in ya wuce minti 15, kusan ɗaya cikin biyar ne ke isowa a makare a yawancin shekaru. Dalilin yana cikin tsarin aikin kansa. Jirgi ɗaya yana yin sahu huɗu ko biyar a wuni, don haka jinkirin da ya samu da hantsi a wani gari shi zai bi shi har dare. Ma'aikatan jirgi suna da iyakar awannin aiki da doka ta gindaya, in sun cika dole su sauka ko da fasinjoji na zaune. Shi ya sa jirgin farko na asuba, wanda ya kwana a filin, ya fi kowanne kiyaye lokaci. In kuma aka soke tashi gaba ɗaya, samun kujera a na gaba ba tabbas ba ne, domin jirage a duniya suna tashi da sama da kashi 80 cikin 100 na kujerunsu a cike, balle ranakun Asabar da Lahadi da yawancin jiragen ruwa ke tashi, lokacin da kowa ke neman hanya ɗaya zuwa gari ɗaya.

Daga nan ake gane ma'aunin da ya dace. Abin ƙirgawa shi ne jirage nawa suka rage da za su iya kai mutum tasha a kan lokaci idan nasa ya ƙi tashi, kuma wannan ya fi yawan awannin da ke tsakanin sauka da tashi muhimmanci. Mai tashi da safiyar ranar jirgin ruwa yana da madadi ɗaya, ko babu. Mai tashi da safiyar jajibiri yana da duk jiragen wunin, da na dare, da na asubar washegari. Kwana ɗaya a otal kusa da tasha shi ke sayen waɗannan damammaki. A hanyar da jirgi ke bi sau goma a rana, kwana ɗaya ya wadatar. A hanyar da ake bi sau ɗaya a rana, ko sau uku a mako, kwana ɗaya ba lallai ya ƙara komai ba, tunda madadin yana iya zama sai bayan jirgin ruwa ya yi nisa.

Yanayi yana da nasa hannu, kuma abin takaicin shi ne lokacin da harkar ta fi ci shi ne lokacin da sama ta fi rikicewa. Kakar yawon tekun Karibiyan ta fi armashi daga Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da dusar ƙanƙara ke tsayar da filayen Chicago da New York da Toronto, inda da yawan fasinjojin ke fitowa ko yada zango. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kakar guguwar tekun Atlantika ce, a tsakiyar bazarar Florida kuwa hadari mai tsawa yakan taso kusan kowace la'asar. Akwai kuma abubuwan da babu mai hasashensu. Tokar dutsen Eyjafjallajökull na ƙasar Iceland ta rufe sararin samaniyar yawancin Turai kimanin kwana shida a Afrilun 2010, aka soke tashin jirage kusan 100,000. A ƙarshen Disambar 2022 kamfanin Southwest ya soke sama da 16,000 cikin 'yan kwanaki. Ruwan sama mai yawa ya gurgunta filin Dubai a Afrilun 2024. Matsalar manhajar CrowdStrike ta 19 ga Yulin 2024 ta sa kamfanin Delta ya soke kusan 7,000, sannan gobara a wata tashar lantarki ta rufe Heathrow kusan wuni guda ranar 21 ga Maris 2025. A irin manyan rikice-rikicen nan ko kwana biyu ba lallai su ceci mutum ba. Amma ba su ne ke raba yawancin mutane da jirginsu ba. Ƙananan abubuwa ne: tayar da za a canja, ma'aikacin da bai iso ba, hadarin awa guda.

Wanda jirgin ruwa ya tafi ya bari, a sharuɗɗan kusan kowane kamfani, kuɗinsa ya tafi, domin rashin zuwa ranar tashi daidai yake da sokewa a lokacin da babu mayarwa. Abin da ya rage masa shi ne ya bi jirgin zuwa zango na gaba da kuɗin aljihunsa, bayan ya kira kamfanin ya samu izini, don ba a shiga jirgi a tsakiyar tafiya haka kawai. A tekun Bahar Rum abin yana yiwuwa, tunda zangunan kusa suke, wani lokaci jirgin ƙasa ma ya isa. A Karibiyan sau da yawa wunin farko a tsakiyar teku ake yinsa, sai mutum ya rasa kwana biyu cikin bakwai, ga kuɗin jirgin sama na gaggawa da otal.

Akwai inda bin jirgin ma ba ya halatta. Amurka tana da wata doka ta 1886 da ta hana jirgin ruwa mai tutar wata ƙasa ɗaukar fasinja daga tashar Amurka ya sauke shi a wata tashar Amurka daban, kuma kusan dukkan manyan jiragen shaƙatawa a ƙasashe irin su Bahamas da Panama da Malta aka yi musu rajista. Jirgin da ya tashi daga Seattle zuwa Alaska ya dawo Seattle bai karya dokar ba, tunda inda ya ɗauka nan ya sauke, kuma yakan tsaya a Victoria ta Kanada. Amma fasinjan da ya makara ya ce zai shiga a Juneau ko Ketchikan, shi an ɗauke shi a wata tashar Amurka za a sauke shi a wata. Tarar ɗaruruwan daloli ce a kan kowane mutum, kuma kamfanoni sukan ƙi amincewa tun farko. Haka jirgin Queen Mary 2 da ke ratsa Atlantika daga Southampton zuwa New York cikin dare bakwai, ba ya tsayawa ko'ina a mafi yawan tafiyoyinsa. Masu zuwa Antatika daga Ushuaia, can ƙarshen kudancin Ajantina, su ma babu tashar da za su tare shi. Ga shi kuma sai an bi ta Buenos Aires, inda sau da yawa ake sauka a filin Ezeiza a ratsa gari zuwa Aeroparque don ƙarin tafiyar awa uku da rabi. A irin waɗannan wurare kwana biyu shi ne mafi ƙaranci, uku kuwa ba almubazzaranci ba ne.

Batun wanda zai biya asarar shi ne inda mutane suka fi yin zaton da bai tabbata ba. Alkawarin kamfanin jirgin sama shi ne ya kai fasinja garin da aka rubuta, ko da a jirgi na gaba ne. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta tanadi diyyar Yuro 250 zuwa 600 idan aka isa da jinkirin awa uku ko fiye, amma ba ta aiki in mummunan yanayi ne sanadi, kuma ta shafi jiragen da suka tashi daga Turai ne, ko masu shigowa Turai in kamfanin na Turai ne. Wanda ya taso daga Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha a jirgin kamfanin can bai shiga cikinta ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba da damar neman diyyar asarar jinkiri, amma tana da iyaka, kuma kamfani yana kuɓuta in ya nuna ya yi duk abin da ya kamata. Kamfanonin jiragen ruwa da kansu suna sayar da tikitin sama, irin su Air2Sea na Royal Caribbean da EZair na Princess, tare da alkawarin taimaka wa fasinja ya iske jirgi a zango na gaba in jinkiri ya auku. Tsari ne mai amfani, sai dai abin da yake rage wa mutum kuɗin bin jirgi ne. Kwanakin da suka wuce ba sa dawowa, dokar 1886 kuma tana nan daram. Inshorar tafiya ita ma haka: takan biya idan jinkirin ya kai wasu awanni da aka ayyana, kuma in an samo takardar shaida daga kamfanin jirgin sama, amma wasu takardun suna cire wanda tun farko bai bar isasshen lokaci ba.

Ga matafiyi daga Kano ko Abuja ko Yamai lissafin ya fi tsauri, ko Turai zai je, ko Dubai, ko Jidda inda kamfanin Aroya na Saudiyya ya fara aiki a ƙarshen 2024. Kakar jiragen ruwa ta yankin Gulf da Bahar Maliya ta faɗo cikin hunturu, lokacin da hazo ke rufe filayen jiragen arewa, a wayi gari jirgi ya kasa sauka a Kano, a karkatar da shi ko a ɗage tashi zuwa gobe. Yawancin hanyoyin kuma sai an yada zango, a Addis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul ko Doha ko Kasabalanka, wasu kuma ba kullum ake bin su ba. Tikiti ɗaya da ya haɗa tafiyar daga farko zuwa ƙarshe ya fi biyu da aka yanka daban, ko da biyun sun fi araha, domin a tikiti ɗaya kamfani ne zai nema wa fasinja wani jirgi in ya rasa na biyu. A tikiti biyu kuwa ana ɗaukarsa wanda bai zo ba, har a soke masa na dawowa. Mai zuwa Amurka ya sani cewa a filin farko da ya sauka zai bi layin shige da fice, yawanci ya karɓi akwatinsa ya sake miƙawa, don haka zangon awa ɗaya da rabi a New York ko Atlanta gajere ne ƙwarai.

Biza tana shiga lissafin lokaci ta hanyoyi biyu. Dole kwanakinta su rufe ranakun da aka ƙara a gaba, sannan mai bizar Turai ta Schengen ta shiga sau ɗaya yana cikin matsala idan jirgin ya fita zuwa Turkiyya ko Tunisiya ko Maroko zai dawo, don bizar ta ƙare tun fitar farko. Bin jirgi zuwa zango na gaba, wanda mai fasfon Turai zai yi cikin sauƙi, yana iya gagarar mai fasfon Nijeriya ko Nijar idan ƙasar tana neman biza daga mai shigowa ta sama. Ga irin wannan matafiyi, jirgin da ya tafi ya tafi ke nan.

Ana kuma yawan kuskuren kwanan wata. Jiragen da ke tashi daga Amurka zuwa Turai da yamma suna sauka washegari da safe, don haka wanda ya yanki tikitin jajibiri a ranar tashin jirgin ruwa zai sauka. Jirgin da aka rubuta 00:30 na Juma'a, daren Alhamis ake zuwa filinsa. Mai tashi daga Los Angeles zuwa Sydney yana ƙetare layin canjin kwanan wata, sai ya sauka kwana biyu gaba a kalanda bayan tafiyar kimanin awa 15. Ranar sauka ake dubawa a tikiti, da lokacin garin da za a sauka.

Akwati ma yana cin moriyar ƙarin kwanan. Kayan da suka maƙale a zango yawanci jirgi na gaba ke kawo su, kuma ya fi sauƙi su iske mai su a otal da a ce suna bin jirgin ruwa tasha-tasha. Fasfo da takardun shiga da magani da kayan sawa na kwana biyu, wurinsu jakar hannu. Kwanan kuma a garin tashar ya kamata a yi shi ko kusa da ita, domin wanda ya kwana a tsakiyar Rum ko Landan har yanzu yana da yajin aikin jirgin ƙasa ko cunkoson hanya tsakaninsa da jirginsa.

Masu tashi a ranar suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: kuɗin otal a garuruwan tasha yana da tsada a ƙarshen mako, hutun aiki kuma ƙidayayye ne. Mafi yawansu suna isa lafiya. Abin yana da ɗan dama-dama idan tafiyar gajera ce, kai tsaye ba zango, a jirgin farko na asuba, da wasu jiragen a bayansa, kuma tashar tana inda mota za ta iya kaiwa in sama ta ƙi. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, kuɗin ɗaki na dare ɗaya ƙarami ne in aka auna shi da kuɗin tafiyar iyali gaba ɗaya.

Jirgin dawowa gida ya fi sauƙin sha'ani, amma shi ma yana da ƙa'ida. Jirgin ruwa yakan tsaya wajen ƙarfe 6 ko 7 na safe, sai hukumomi sun ba da izini kafin kowa ya sauka, sannan a riƙa kiran fasinjoji rukuni-rukuni har zuwa hantsi. A Tampa da Galveston hazon teku yakan hana jirgi shigowa na awanni a lokacin sanyi. Kamfanoni da yawa suna ba da shawarar kada a yanki tikitin da zai tashi kafin tsakar rana, inda kuwa filin jirgi ke da nisa, kamar Rum da Landan da Anchorage, ko tafiyar ta ƙasa da ƙasa ce mai buƙatar isa awa uku kafin tashi, jirgin ƙarfe 2 na rana zuwa sama shi ya fi dacewa.